Ɗinkin Da Ba Nata Ba

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo tun safe kuna tambayar yadda ta kaya da Baba, ga shi nan. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari ya nemi wuri ya zauna kafin ya fara.

*

Sau uku matar da ke bayan gilashi tana tura katin cikin na'ura, sau uku na'urar tana tofo 'yar guntuwar takarda. A na ukun ko duba takardar ba ta yi ba. Ta turo katin ta ƙarƙashin gilashin, ta faɗi wata magana da yarensu.

Malama ta juya wajen Tafinta.

"Me ta ce?"

"Ta ce bai wuce ba."

"Na ga bai wuce ba. Me ya hana shi wucewa?"

Tafinta ya sunkuya ya tambaya, matar ta amsa a gajarce. Ya ɗago, amma bai kalli Malama ba.

"Ta ce kuɗin da ke ciki ba su kai ba."

Malama ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Kuɗin da ke cikin katin nan kuɗin gidanta ne. Ɗaki uku da falo, da ta shekara goma sha ɗaya tana ɗora bulo kan bulo da albashin koyarwa, bayan rasuwar mijinta. Shi ta sayar, ta kai 'ya'yanta biyu wajen ƙanwar babansu, ta ɗauko mahaifinta ta ƙetaro da shi wannan ƙasa don a yi masa aikin zuciya. Asibitin ya ba su zuwa ƙarfe biyun ranar yau su biya. In ba su biya ba, za a ba na bayansu gadon, su koma ƙarshen layi, sai bayan sati shida. Likita kuwa ya riga ya ce zuciyar Baba ba za ta kai sati shida ba.

Agogon da ke jikin bango ya nuna sha ɗaya da kwata.

"Ka ce mata ta sake."

"Malama, sau uku ta yi."

"Ka ce mata na'urarsu ce."

"Na gabanmu da ita ya biya."

Mutanen da ke bayansu suka fara gyaran murya. Tafinta ya ja gefe, ya yi mata alama ta biyo shi. Ta bi shi har bakin wata taga a baranda, katin na hannunta, ta damƙe shi har gefensa ya shiga tafin hannunta.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba a yi mai taka-tsantsan kamarta ba. Kafin su taso sai da ta je banki da littafi da biro, ta zauna gaban ma'aikaci kamar ɗalibar aji ɗaya. Ta gaya musu ƙasar da za ta, da ranar tafiya da ta dawowa, don kada su ga an taɓa kuɗi daga nesa su rufe mata. Ta karɓi kati biyu. Ƙaramin na cefane da kuɗin mota ne, ba ta barin komai a ciki sai na kwana uku. In za ta danna lambar sirri sai ta kifa hannu ta rufe, ko da ba kowa a wurin sai ita da inuwarta. Ba ta taɓa miƙa wa mai shago kati ya shige da shi ciki ba. Intanet ɗin kyauta na masaukinsu ko kallonsa ba ta yi. Abokan aikinta har tsiya suka yi mata, wai ita ce za ta koya wa bankin tsaro.

Babban katin kuwa, na aikin Baba, sabo ne fil. Ranar jajibirin tafiya ta karɓo shi, ta sa aka ɗaga masa iyakar abin da zai iya biya lokaci ɗaya saboda asibiti, ta farke ƙyallen cikin jakarta ta tura shi, ta ɗinke da baƙin zare. Tun daga ranar bai ga hasken rana ba sai yau da safe.

Yau da safe.

Nan zuciyarta ta tsaya. Da za ta farke ɗinkin ɗazu ta ɗan yi mamaki, amma sauri ya hana ta tsayawa. Ita ba gwanar allura ba ce, ɗinkinta manya-manya ne, wani na hararar wani. Wanda ta farke yau kuwa ƙanana ne, a jere, kamar da keke aka yi.

Ta ɗago ta dubi Tafinta tun daga takalminsa har zuwa furfurarsa.

Shekara ashirin da biyu ya yi a ƙasar nan. Karatu ya zo, karatun bai yiwu ba, ya ƙare yana raka marasa lafiyan da suka zo daga gida, yana juya musu maganar likitoci. Shi ya tare su a filin jirgi, shi ya samo musu ɗaki mai araha kusa da asibiti. Matarsa ke aiko wa Baba abinci marar gishiri kullum da rana. Duk wannan Malama ta sani. Amma a wannan lokacin abu ɗaya kawai take tunawa.

"Ranar Litinin," ta ce.

"Na'am?"

"Ranar Litinin da aka shiga da Baba ɗaukar hoton ƙirji. Suka ce ba a shiga da jaka."

"Haka ne."

"Wa na bar wa jakar?"

Ta ga maganar ta isa inda ta aika ta.

"Ni kika bar wa."

"Minti nawa muka yi a ciki?"

"Malama."

"Minti arba'in. Na duba agogo. Minti arba'in ya isa a farke ɗinki a mayar."

"Ki yi a hankali da abin da za ki faɗa."

"Na yi a hankali tun daga gida har nan, ga inda hankalin ya kawo ni. Matarka tela ce, ko ba kai ka gaya min ba? Kana yawo da allura ne, ko ita ta zo ta same ka a bakin ƙofa?"

Wata nas da ke wucewa da tire ta rage sauri ta dube su. Ba ta jin yaren, amma irin wannan magana ba ta buƙatar tafinta.

"Tun da muka sauka kake cewa mu ɗauke ka ɗan'uwa," in ji Malama. "Ka ƙi karɓar kuɗin mota, ka ƙi karɓar na abinci. Na ce wannan wane irin mutumin kirki ne. Ashe babban kake jira. Mutum nawa ka yi wa haka? Mutum nawa suka koma gida da gawa saboda kai?"

Tafinta bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu a aljihun tsohuwar kwat ɗinsa ya fara fito da abin da ke ciki yana jerawa a bakin taga. Makulli biyu, katin shiga motar haya, ƙwayar maganin hawan jini a cikin 'yar leda, tazbaha, da waya mai fasasshen gilashi. Ya juyo aljihunan waje suka yi lako-lako.

"Ga abin da na tara a shekara ashirin da biyu," ya ce. "In akwai gidanki a ciki ki ɗauka."

Ta kawar da kai.

"An zage ni a asibitin nan ba sau ɗaya ba. Mai jinya ba ya rasa wanda zai huce a kansa, kuma ni ne a kusa. Amma ba a taɓa ce min ɓarawo ba sai yau." Ya ɗauki wayar ya miƙa mata. "Ki kira bankinki. Da tawa za ki kira, taki ba za ta kai ki ko'ina ba, kuɗin zai ƙare kina jiran a ɗauka. In kin gama sai ki kira min 'yan sanda, ni zan fassara miki abin da za ki gaya musu."

Ta karɓa. Kunya ba ta kama ta ba tukuna, lokacinta bai yi ba.

Minti goma sha huɗu tana sauraron kiɗa kafin wata murya ta ɗauka daga gida. Yarinya ce mai ladabi, irin ladabin da aka koya wa mutum a wurin aiki. Ta tambayi ranar haihuwa, ta tambayi sunan mahaifiya, ta tambayi lambobi huɗun ƙarshe na katin. Malama ta amsa duka a tsaye, goshinta a jikin gilashin taga.

"To ranki ya daɗe, na ga an yi biya sau uku da katin nan. Biyu ranar Talata, ɗaya jiya Laraba."

"A ina? A wane shago? Wane injin cire kuɗi?"

"Ba a shago ba ne. Ta intanet aka biya. Ba a buƙatar katin a hannu, lambobin gaba da ukun nan na baya sun isa."

"Wa aka biya?"

"Biyun farko wani kamfani ne na masu shirya wa mutane tafiya aiki ƙasashen waje. Na ukun kamfanin jirgin sama ne."

Malama ta juyo ta kalli Tafinta. Yana mayar da kayansa aljihu ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ban biya kowa ba. Sata ce. Ku dawo min da kuɗina yau, mahaifina na kwance."

"Allah Ya ba shi lafiya. Zan buɗe miki ƙorafi yanzu, bincike yana ɗaukar kamar kwana arba'in da biyar. Sai dai akwai abin da ya kamata in gaya miki."

"Ina ji."

"Duk biyan nan uku, sai da muka tura lambar tabbatarwa zuwa layin wayarki. Kuma duk ukun an shigar da lambar daidai, cikin ƙasa da minti ɗaya. A wajenmu, ke kika amince."

Barandar ta yi mata wani irin tsawo.

"Ranki ya daɗe? Layin yana hannunki?"

Layin ba ya hannunta. Ranar da za su taso aka gaya mata ba zai yi aiki a nan ba sai da tsada, sai ta cire shi ta sa a wata tsohuwar waya ta bar wa Auta, ƙaninta, ɗan autan Baba. Suka yi da shi in banki ya turo lamba zai karanto mata, in an taɓa asusun zai ga saƙo ya sanar da ita. A duk shirinta wannan ne kaɗai abin da ba ta rubuta a littafi ba, don ba ta ɗauke shi haɗari ba. Kullum da safe sai ta tambaye shi, kullum amsarsa ɗaya ce. Yana nan cif, Yaya, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Har jiya da safe haka ya rubuto mata.

"Nawa ya rage?" ta tambaya.

Yarinyar ta faɗa. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

"Yanzu zaɓi naki ne. In na rufe katin, ke ma ba za ki iya taɓa sauran daga can ba sai kin dawo. In na bar shi a buɗe, wanda ke da lambobin zai iya ƙarasawa."

Malama ta rufe ido. Abin da ya rage ba zai biya aiki ba, amma shi ne kuɗin magani da na komawa gida.

"Rufe," ta ce.

"An rufe. Akwai wani abin da zan taimaka miki da shi?"

Ta kashe wayar.

Ta kira Auta. A kashe. Ta kira layinta da ke hannunsa. A kashe. Ta sake kiran nasa, kamar wanda ke sake tura ƙofar da ya san a kulle take. Sai ta nemo lambar matarsa, wadda ko shekara ba su yi da aure ba, ga ciki wata bakwai.

Bugu ɗaya ta ɗauka, muryarta wasai.

"Yaya, ina wuni? Ya jikin Baba? Ya iso ko?"

"Wa?"

"Shi mana. Tun jiya da yamma ya tafi filin jirgi. Ya ce sai ya sauka zai kira ni, har yanzu shiru."

"Ina ya ce miki za shi?"

"Wajenku. Ya ce ke kika turo masa kuɗin jirgi, wai jinyar ta yi miki yawa ke kaɗai." Ta ɗan dakata. "Yaya, ba wajenku ya zo ba?"

"Da wace jaka ya fita?"

"Babbar. Har da takardunsa na makaranta ya ɗauka, na ce me za ka yi da su a asibiti, ya ce ana tambaya a hanya. Yaya, me ya faru? Don Allah ki gaya min."

"Ki zauna a gida. Zan kira ki."

Ta sauke wayar a hankali. Sau biyu Auta ya zo mata da maganar kamfanin nan a bara, da takardu masu hoton dogayen gine-gine. Sau biyu ta ce masa ba ta da shi, kuma ko tana da shi ba za ta ba 'yan damfara ba. Na biyun ya tashi ya bar shayinsa bai sha ba, ya ce ita dama ba ta taɓa son ya zama wani abu ba. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta can ta tashi a masaƙa.

Yanzu kam kunyar ta iso. Ta zo mata gaba ɗaya, har ta kasa ɗaga ido ta kalli mutumin da ke tsaye a gabanta.

"Malam," ta fara.

"Bari. Ba yanzu ba." Ya karɓi wayarsa. "Na ji abin da na ji. Amma akwai saura. Ƙaninki yana da layi, ya taɓa ganin katin?"

Ta girgiza kai. Daga banki jaka ta kai shi, a ɗakinta ta ɗinke, ƙofa a rufe.

"To wani ne ya karanta masa lambobin daga nan. Ni ban san ƙaninki ba, ko muryarsa ban taɓa ji ba. Ki tuna wanda kike bar wa jakar nan ban da ni."

"Ba kowa. Ko banɗaki zan shiga sai dai in ajiye ta a gefen..."

Ba ta ƙarasa ba.

"Ki hau," in ji Tafinta. "Ni zan koma wajen matar can in ga ko za su ƙara mana ko da awa biyu ne. Ban ce za su yarda ba."

Hawa uku ta taka da ƙafa. A kowane hawa tana gaya wa kanta ba zai yiwu ba, tsohon da ko saƙo bai iya buɗewa a waya ba.

Ta tarar da shi a zaune, an tokare masa baya da filo biyu. Wayoyi sun fito daga ƙirjinsa zuwa na'urar da ke ƙara ɗaya-ɗaya a gefen gado. Ya shimfiɗa farin hankici a kan teburin cin abinci, ya maƙala ɗan gilashin nan na ido ɗaya da ya shekara arba'in yana aiki da shi a rumfarsa ta gyaran agogo. Agogon wata nas ne a buɗe a gabansa. Tun da aka kwantar da shi ma'aikatan suka gano shi, kowa na kawo masa nasa. Numfashi yana yi masa wuya, amma hannun nan ko rawa ba ya yi.

Ta tsaya tana kallon hannun. Sai ta ɗora jakar a kan gado, ta buɗe bakin ƙyallen da ta farke, inda sauran zaren ke reto.

Baba ya cire gilashin ya ajiye.

"Zauna, Uwata."

"Baba, wa ya taɓa jakar nan?"

"Na ce ki zauna. Tsayuwa ba ta ƙara wa magana gaskiya."

Ta zauna a bakin kujera.

"Ɗinkina ne," ya ce. "Na so in kwaikwayi naki, hannuna ya ƙi. Ban iya aikin banza ba."

Har da ɗan murmushinsa.

"Yaushe?"

"Ranar Talata da safe, da kika tafi karɓo magani. Kin daɗe a layi. Na roƙi allura wajen mai shara, zaren kuma naki na mayar."

"Ka karanta wa Auta lambobin."

"Na gaba da na baya. Ƙanana ne ƙwarai, ba don gilashin nan ba da ban gani ba."

"Baba, ka san kuɗin mene ne?"

"Na fi ki sani. Kuɗin gidan marayunki ne."

"Kuɗin aikinka ne."

"Aikin da likita ya ce mutum uku cikin goma ke tashi?"

Ta ɗago da sauri. Ranar da likitan ya faɗi haka, ita ta ja Tafinta gefe ta roƙe shi kada ya fassara wa Baba wannan. Abin da aka gaya wa Baba shi ne aiki ne mai sauƙi.

"Tafinta ne ya gaya maka?"

"Bawan Allahn nan bai ce min komai ba. Na tambaye shi har sau biyu, ya ce in tambaye ki. Ki bar ɗaukar alhakinsa." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ba na jin yarensu, amma ina da ido. Likita ya buɗe yatsu goma, ya naɗe bakwai. Sannan na kalli fuskarki. Shekara arba'in ina duban abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta, fuskar 'yata ce za ta gagare ni?"

Hawayen da ta riƙe tun daga ƙasa suka zubo.

"Uku ma rai ne, Baba. Ni na yarda da ukun."

"Ke kika yarda. Ni an tambaye ni? Kin sayar da gida ina kwance ban sani ba, sai a jirgi kika gaya min, da kika san ba zan iya sauka ba. Na haura saba'in, Uwata. In an yi aikin na tashi, shekara nawa zan ƙara? In ban tashi ba, ki koma da gawa, ba uba, ba miji, ba gida, yara biyu a ɗakin mutane. Kwana tara ina juya wannan a gadon nan."

"Sai ka ba Auta."

"Shi ya kawo dabarar, Allah Ya yi masa albarka. Kullum in kin fita yana kirana. Ya je ya sami wanda ya sayi gidan, ya yi ta roƙonsa har ya yarda. Ya ce in an mayar masa da kuɗinsa kafin wata ya cika zai dawo da takardu. Auta ya ce lambobin kawai zan karanto, shi zai tura wa mutumin." Idonsa ya yi haske. "Kin ga yaron nan da kuke cewa ba shi da kan gado. Ranar da ake nemansa ga shi ya tsaya."

Malama ta san ba haka ba ne. Wanda ya sayi gidanta ya rushe katangar gaba tun kafin su taso, shaguna zai yi. Kuma ba a mayar wa mutum kuɗin gida da lambobin bayan kati. Kowa ya san haka, ban da tsohon da duk rayuwarsa a tafin hannu ake biyansa.

"Na san za ki yi fushi," ya ce. "Ki yi. Gara ki yi fushi da ni a cikin ɗakinki da ki yi min addu'a a ɗakin aro. Mu koma gida kawai. In kwanta a falon nan naki mai taga biyu, yaran su dinga yi min surutu, har lokacin ya yi. Ban roƙi Allah fiye da haka ba."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tafinta ne, bayansa wata nas riƙe da takarda a jikin allo. Ya dubi Malama ya girgiza kai kaɗan. Agogon da ke hannun nas ɗin, wanda Baba ya gyara shekaranjiya, ya nuna ɗaya da minti ashirin.

"Suna so su sani," in ji Tafinta a hankali. "In ba za a biya ba, akwai takardar da za ki sa wa hannu, su kira na bayanku."

"Ba ta biro," in ji Baba. "Mun gode musu, sun yi ƙoƙari." Ya laluba ƙarƙashin filo ya ciro 'yar wayarsa ya miƙo mata. "Amma fara kira min Auta. Tun jiya da rana ban ji shi ba. Ya ce yau da safe za su haɗu da mutumin a karɓi takardun. Ina so in ji da kunnena an karɓa."

Ta karɓi wayar.

"Sa yadda zan ji."

Ta danna. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar na'ura ɗaya-ɗaya. Muryar mace ta fito ta ce lambar da ake nema a kashe take.

"Yana wajen sa hannu ne," in ji Baba. "Ba a barin waya a kunne a irin wuraren nan. Sake gwadawa."

Ta sake. Muryar ta maimaita abin da ta faɗa.

"To kira matarsa."

Malama ba ta motsa ba.

"Uwata, kira matarsa mana."

Ta sunkuyar da kai tana kallon baƙin zaren da ke reto a bakin jaka. Da ta ɗago, Baba ba wayar yake kallo ba. Fuskarta yake dubawa, a nutse, kamar yadda yake duba cikin agogon da ya tsaya. Murmushin ya bar bakinsa kaɗan-kaɗan.

Ƙarar na'urar ta fara sauri. Nas ɗin ta ajiye allonta ta matso.

"Uwata," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ina Auta yake?"